Ina Jasper Ya Taka?

Duk shekara, da zarar an gama yankan alkama ganyaye suka fara ja, wani abu yakan farka a kurmin Brakely ya shiga kayar da karnuka. Kare zai shiga lafiyarsa ƙalau, ya yi guje-gujensa, ya dawo gida ya cinye abincinsa har ya lashe kwano. Kwana ɗaya ko biyu sai amai, sai zawo, sai ya kwanta ya kasa ɗaga kai. Wanda aka yi saurin kai wa asibitin dabbobi yakan tashi. Wanda aka tsaya ana cewa bari mu gani zuwa gobe, wani lokacin goben ba ta riskarsa. Masana sun zo daga jami'a da kwalabensu da safar hannu, sun ɗebi ƙasa, sun ɗebi ruwan kududdufi, sun tsinki laimar kwaɗi, sun yi gaba. Har yau muna jiran amsa. Abin da kowa dai ya sani a ƙauyen Fornby shi ne, daga ƙarshen girbi har ranar da sanyin farko zai daskarar da ciyawa, mai hankali ba ya shiga Brakely da karensa.

Desmond Rix yana da hankali, amma a cikin kurmin matarsa take.

Beryl da bakinta ta faɗa tun tana kwance a asibiti. Ta ce idan an ƙone gawarta kada a kulle tokar a tulu a ɗora kan kanta kamar kayan ado. A kai ta gindin tsohuwar bishiyar nan mai rassa biyu da ke hayin rafi, inda take hutawa ita da karenta Jasper, a zuba a can. Aka yi yadda ta ce. Tun daga nan, kullum da hantsi Desmond zai ɗauki igiyar Jasper da sandarsa, su tafi. Ya zauna a kan saiwar bishiyar ya ba Beryl labarin duk abin da ya faru a ƙauye, wa ya sayar da gida, wa ya yi faɗa da limamin coci, yadda tumatirinsa ya ƙi nuna. Jasper kuwa ya yi ta birgima a cikin ganye. Da ma karen Beryl ne, farin kare mai dabbaren ruwan ƙasa da kunnuwa zuwa ƙasa, kuma a duk gidan shi kaɗai ya rage mai numfashi wanda hannunta ya saba shafawa.

A hunturun da ya wuce Desmond ya zame a bakin rafin ya karye a wuyan hannu. Ya daɗe kwance cikin sanyi, Jasper na haushi a kansa, kafin wata mai gudun motsa jiki ta tsince shi. Lorna, 'yarsu tilo, ta taso daga birnin Leicester hankali a tashe. Kafin ta koma sai da ta samo masa ɗaki a wani gidan tsofaffi kusa da ita: ɗumi, tsabta, da igiyar da za ka ja idan ka faɗi a zo a ɗaga ka. Abu ɗaya ne, ba a shiga da kare. Desmond ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Suka ja, suka ja, a ƙarshe suka yi yarjejeniya. Zai zauna a gidansa da Jasper, muddin ƙafarsa ba ta sake taka Brakely ba. In ya karya, sai Leicester, Jasper kuma a nema masa wani gida. Ya rantse mata. Ya kuma riƙe rantsuwar tsakani da Allah, har ranar da aka cire masa ɗaurin karaya.

Maureen Gotts, maƙwabciyarsa, ita ce ta tare shi a bakin shinge a farkon kakar nan. Nata karen, Duke, kurmin ne ya ci shi bara.

"Des, ina za ka da wannan yaron?"

"Nan kusa. Mu miƙe ƙafa."

"Nan kusa da takalmin shiga laka? Ka mai da ni yarinya. Ba ka ga allon da aka kafa a bakin kurmi ba?"

"Na gani. Ai ba na sakinsa. A kan hanya muke bi, mu je mu dawo."

"Haka na ce ni ma," in ji Maureen. "Tsohon banza mai taurin kai. Beryl ba inda za ta, ka bari sanyi ya sauka mana."

Ya yi dariya, ya ɗaga mata hula, ya wuce. Ya kuma yi niyyar ba zai sake shi ba. Amma da suka isa gindin bishiyar Jasper ya tsaya yana kallonsa yana kaɗa wutsiya, yana jiran abin da ya saba. Desmond ya ce a ransa minti nawa ne. Ya kwance igiyar. Jasper ya faɗa cikin ciyawar da ta kai gwiwa, ya fito da busasshen ganye manne a kunnuwa, yana haki, murna fal fuskarsa.

Ranar Asabar da safe Lorna ta iso don ta yi masa ƙarshen mako. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce, "Ina Jasper? Yau ba tarba?"

Suka same shi a kicin, tsaye, kai a sunkuye, abincinsa na safe ko taɓawa bai yi ba. Yana ganinta ya gwada kaɗa wutsiya, sai cikinsa ya murɗa, ya kelaya amai rawaya a kan daɓe. Desmond ya kau da kai. Ya dafa teburi.

"Wani abin ya tsinta ya ci," ya ce. "Kin san shi da kwaɗayi."

"To mu kai shi a duba. Ɗauko rigarka, Baba."

Likita Howlett yarinya ce, ba ta daɗe da zuwa yankin ba, amma ta riga ta ga kaka ɗaya a nan, kuma wanda ya ga kaka ɗaya ba ya mantawa. Ta ɗora Jasper a teburi, ta latsa cikinsa, ta ɗaga leɓensa, ta auna zafinsa. Sannan ta ɗago ta kalli Desmond.

"Mista Rix, ina ya taka a 'yan kwanakin nan? Ya shiga kurmi?"

Lorna na tsaye a gefensa, kafaɗarta na gugar tasa, hannunta a kan bayan karen. Desmond ya dubi karen. A ransa ya ga ɗakin nan na Leicester mai ƙamshin sabulu, ya ga wani baƙo yana jan Jasper zuwa bayan mota.

"A'a," ya ce. "Filin ƙwallo ne kawai, sai bakin titi."

"Baba ya daina zuwa can tun da ya karye," Lorna ta ƙara, har da ɗan alfahari a muryarta.

Likitar ta sauke ajiyar zuciya. "To madalla. Na tambaya ne don in da kurmi ne, ba zan bar shi ya fita daga nan ba, yanzu zan ɗaura masa ƙarin ruwa. Wannan cutar ba ta jira. Amma tunda ba can ba ne, ina jin ɓacin ciki ne kawai. Zan yi masa allurar tsayar da amai, ku ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ku ba shi kwana guda. In kun ga ya ƙara lalacewa ku kira."

Nan ne fa ya kamata mutum ya buɗe baki. Kalma uku ta isa. Amma mu mutanen nan, Allah ya yi mu da wata irin kunya marar amfani, gara mu nutse da mu ɗaga hannu a ce mun tayar wa mutane da hankali. Desmond ya ce, "Mun gode, likita, ki yi haƙuri mun ɓata miki lokaci." Har ya riƙe wa Lorna ƙofa.

Da rana aman ya tsaya. Desmond ya kama wannan ya riƙe da hannu biyu. Ga shi nan, allura ta yi aiki, wataƙila ma da gaske wani abin ya tsinta. Ba kowane karen da ya shiga Brakely ke kamuwa ba. Ya faɗa wa kansa haka ya fi a ƙirga, ya haɗa shayi, ya bar shi ya huce bai sha ba.

Da Lorna ta fita sayen burodi ya durƙusa gaban kwandon Jasper. Karen na kwance ya miƙe ƙafafu, idonsa a buɗe amma ba ya bin komai da kallo. Desmond ya ɗauki ƙafar gaba, ya buɗe tsakanin yatsun, ya kai ta wajen hasken taga. Ga su nan. Wasu 'yan ƙwari ja-ja, ƙanana kamar an barbaɗa garin barkono, sun taru a cikin fatar. Ya duba ɗaya ƙafar, akwai. Ya ɗaga kunne, akwai. Su ne ake yawan samu a jikin karnukan da suka kamu. Wasu sun ce su ne cutar, wasu sun ce ba ruwansu, tafiya ce kawai ta haɗa su. Maureen ta ce ta gan su a ƙafar Duke.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da yake kwance a bakin rafi. Ya ɗebo ruwan ɗumi da sabulu ya shiga wanke ƙafafun, yana gogewa da tsumma, yana cewa, "Yi haƙuri, yarona, yi haƙuri." Ya san wankin ba magani ba ne. Ya san ɓoye shaida yake yi. Da ya ji ƙarar motar Lorna ya zubar da ruwan ya cusa tsumman a aljihu.

"Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Barci yake."

"Kai kuma fa? Ka yi fari fat."

"Gajiya ce."

Daren nan bai runtsa ba. Da gari ya waye ya sauko a hankali, tun daga matakala wari ya tare shi. Jasper ya fito daga kwandonsa ya ja jiki zuwa ƙofar baya, da alama ya so ya fita don kada ya ɓata gida, ƙarfinsa ya ƙare a hanya. Yana kwance cikin zawo, ruwa-ruwa, da jirwayen jini. Jikinsa na karkarwa. Desmond ya kira sunansa, kunne ɗaya ne kawai ya motsa. Ya ɗaga leɓensa kamar yadda ya ga likita ta yi, dasashin ya koɗe, ya bushe, yatsa na mannewa.

Lorna ta sauko da rigar barci, ta tsaya turus. "Wayyo, Jasper." Ta ɗauko tawul ta fara gyara wurin. Mace ce mai tsari, ba ta rikicewa da wuri. "Na san abin ba kyan gani, amma haka ɓacin ciki yake, sai ya wanke. Likita ta ce a ba shi kwana guda. Yau Lahadi, asibitin nan a rufe yake, sai dai na gaggawa a cikin gari. Mu ba shi ruwa da cokali mu gani zuwa azahar. Tunda dai ba kurmi ba ne."

Tunda dai ba kurmi ba ne. Desmond ya tsaya da cokali a hannu. Ya zuba ruwan a gefen bakin karen, ruwan ya gangaro ta ɗaya gefen ya jiƙa daɓe.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Maureen ce, cikin shigar coci, riƙe da faranti a rufe, ta kawo wa Lorna irin wainar tuffa da take so tun tana yarinya. Ta buɗe baki za ta yi gaisuwa, idonta ya sauka a kan Jasper. Farantin ya karkace a hannunta. Ba ta tambayi komai ba, ta san wannan kwanciyar. Ta ɗago ta zuba wa Desmond ido.

"Tun yaushe?"

"Jiya da safe," in ji Lorna. "Mun kai shi, an ce ɓacin ciki ne. Shigo mana, Anti Maureen, bari in ɗora shayi."

"An ce ɓacin ciki ne," Maureen ta maimaita, idonta bai bar kan Desmond ba. Da Lorna ta juya wajen famfo, ta matso ta rage murya. "Des. Ko ka faɗa ko in faɗa."

"Maureen, don Allah. Za ta raba mu."

"Ai ga mai raba ku nan ya riga ta zuwa. Dube shi! Duke haka ya yi da safe, kafin la'asar na dawo da igiya kawai."

Desmond ya dubi karen. Haƙarƙarinsa na ɗagawa da sauri-sauri, sama-sama. Ido ɗaya ya juyo ya same shi, ba tuhuma a ciki, ba komai, jira kawai yake, yadda ya saba jira a buɗe masa ƙofa.

"Lorna," ya ce. "Lorna. Kashe famfon. Ya shiga kurmi."

Ta juyo da buta a hannu. "Me ka ce?"

"Ranar Alhamis. Da ranar Laraba. Kullum muke zuwa. Na sake shi a gindin bishiya ya shiga ciyawa. Jiya na ga ƙwarin a ƙafarsa na wanke."

Lorna ta ajiye butar a hankali. Fuskarta ta yi ja, sannan ta yi fari. Ya jira ta yi masa ihu, da ma ta yi. Ba ta yi ba. Ta ce, "Anti Maureen, kira asibitin gaggawa ki ce muna hanya, ki ce musu Brakely. Baba, ɗauko bargo."

Ya zauna a bayan mota da Jasper a cinyarsa, naɗe cikin bargo. Karen da kullum sai ya tura hanci ta taga, yau kansa na lilo a kan hannun Desmond duk ramin da suka faɗa. Ba su yi nisa ba suka cim ma wata tarakta tana jan tirela cike da dankali, tana tafiyarta ta isa, a hanyar da mota biyu ba sa gogayya. Ranar Lahadi! Lorna ta danna hon, abin da bai taɓa ganin ta yi ba. Mai taraktar ya ɗago hannu ya gaishe su.

"A gabana," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Ina tsaye a gefenka. Har ina ba ta tabbaci, ni wawiya, wai Baba ya daina zuwa. Ta faɗa maka da bakinta cewa cutar ba ta jira, ka ce mun gode."

"Na ji tsoro ne."

"Tsoron me? Tsorona?"

Hannunsa na kan ƙirjin Jasper, yana laluben bugun zuciya. Ya same shi, ya ɓace masa, ya sake samu. Can karkarwar ta tsaya cak, jikin ya saki. Desmond ya ɗaga murya. "Lorna, ya daina motsi. Lorna!"

"Yana numfashi? Sa kuncinka a hancinsa!"

Ya sa. Shiru. Sai wata 'yar iska mai ɗumi ta taɓa shi.

"Yana yi."

"To riƙe shi." Ta hau gefen hanya, tayoyi biyu a cikin ciyawa, reshen shinge na kankare jikin motar, ta wuce taraktar.

Likita Howlett ce ke aikin gaggawa a ranar. Tana bakin ƙofa tana jiransu da ma'aikaciyar jinya. Ta karɓi karen daga hannunsa ba tare da ta kalle shi ba. Desmond ya bi ta yana cewa, "Likita, ƙarya na yi miki jiya, ni ne, ni na..."

"Na ji, Mista Rix. Zauna a nan."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ƙofar ɗakin ba ta rufu sosai ba, yana hango su. Sun aske ƙafar gaba, likitar ta soka allura, ta zare, ta sake sokawa. Ta koma ɗaya ƙafar. Ya ji ta ce wa ma'aikaciyar, "Jijiyoyin sun lafe, ba ruwa a jikinsa ko kaɗan. Kawo ƙaramar allurar." Jasper da ke ihu in an yanke masa farce, ana ta soka masa ƙarfe ko ƙiftawa bai yi. Desmond ya rufe fuska da hula. Lorna na zaune ta bar kujera ɗaya tsakaninsu.

Da likitar ta fito ta ce ruwa ya fara shiga. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin komai ba. Ƙodarsa ta wahala, gwajin jini ya nuna.

"Da jiya ne fa?" Desmond ya tambaya. Ya san amsar, amma akwai mutanen da sai sun taɓa wuta da hannunsu.

Ta dube shi. "Da jiya ne da aikin ya fi sauƙi."

"Mene ne a cikin kurmin nan, likita? Ƙwarin ne?"

"Ba mu sani ba."

"Ba ku sani ba, ko ba a tabbatar ba?"

"Ba mu sani ba, Mista Rix. Muna ba su ruwa, muna tsayar da amai, muna jira. Da yawa suna tashi."

Suka koma gida ba kare. Lorna ta buga waya wurin aikinta ta ce ba za ta dawo ba tukuna. Maganar Leicester ba ta tayar ba, kuma shirun ya fi maganar ban tsoro. Tana dafa abinci, tana ajiye masa, tana ce masa Baba ci, shi ke nan. Shi kuwa ya koma bawan waya. In ta yi ƙara sai ya tsaya yana kallonta har Lorna ta zo ta ɗauka, shi kuma ya karanci bayan wuyanta. Daga asibiti a ce Jasper yana nan dai. Bai ci ba. Ya yi fitsari kaɗan, wai abin murna ne. Ya sake yin amai. Desmond bai taɓa sanin mutum zai iya roƙon Allah a kan fitsarin kare ba, sai ga shi yana yi.

Daga tagar ɗakin sama ana hango Brakely, bayan gonar Gotts. Kurmin ya yi kyau a kakar nan, ja da rawaya, rana na dukansa. Shekara da shekaru yana kallonsa kamar ɗakin gidansa. Yanzu in ya kalla sai tsigar jikinsa ta tashi. Wani abu na zaune a ciki, a ƙasa ko a ganye ko a ruwa, ba shi da suna, ba a ganinsa, kuma a nan ya zuba Beryl da hannunsa. Ya ja labule.

Wajen ƙarshen mako aka ce su zo su ɗauke shi. Jasper ya fito yana tangaɗi, ƙafafu biyu a aske, ƙasusuwan baya a waje. Da ya ga Desmond ya tura kai tsakanin gwiwoyinsa ya tsaya a haka. Desmond ya yi kuka a gaban mutane, da sauti, bai kuma ba kowa haƙuri ba. Likitar ta ce ƙodar ba za ta koma kamar da ba. Abinci na musamman har ƙarshen ransa, gwajin jini a kai a kai, kuma jikin nan ba zai ɗauki wannan cutar karo na biyu ba.

A mota Lorna ta yi magana. "Ban kira mutanen Leicester ba."

Ya ɗago.

"Ban kuma ce musu na fasa ba. Ban san abin da zan yi da kai ba, Baba. Ban san yadda zan koma in bar ka ba, alhali in na tambaye ka lafiya za ka ce lafiya."

Washegari da hantsi likita ta yarda a ɗan fita da shi, 'yar tafiya kaɗan. Desmond ya sa masa igiya, ya buɗe ƙofar shinge. Lorna ta tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi. A wajen shingen hanya ta rabu: dama ta tafi filin ƙwallo, hagu ta gangara Brakely.

Jasper ya juya hagu. Ko tunani bai yi ba. Ƙafafunsa na rawa, amma wutsiya ta tashi, hanci ya miƙe wajen bishiyoyi.

"A'a, yarona. Nan za mu bi."

Karen ya waiwayo ya kalle shi, ya sake ja. Ba ƙarfi a jan, yaro ma zai riƙe shi. Desmond ya ja dama. Jasper ya turje, ya zauna daɓas a tsakiyar hanya, ya fuskanci kurmin ya fara wani siririn kuka ta hanci. Iska ta taso daga can, ta kwaso busassun ganye tana gangaro da su kan kwalta, suna ƙaraf-ƙaraf, suna nufo ƙafafun karen. Desmond ya ga ganyen na zuwa. Ya yar da sanda, ya durƙusa, ya sunkuci karen da hannun nan da ya taɓa karyewa, ya ɗaga shi sama har ganyen suka wuce ta ƙarƙashinsu.

Ya kasa miƙewa. Ya tsaya a durƙushe a tsakiyar titi, gwiwoyinsa a kan kwalta mai sanyi, ya juya wa kurmin baya. Jasper na ta miƙa wuya ta saman kafaɗarsa yana kuka.

"Na sani," Desmond ya ce a cikin kunnensa. "Na sani tana can. Ba za mu je ba."